Barasar da Aka Ce Baba Eftimie Ya Sha

Shekara ashirin da shida Baba Eftimie ya yi yana haɗa wa ɗalibai sinadarai a kwalejinmu ta Bacău. Ni Zamfira, da nake koyarwa a ɗakin gwaje-gwajen, ban taɓa jin warin giya a bakinsa ba. Ko ranar bikin 'yarsa ruwan tuffa ya sha.

Akwai gwajin da muke yi kowace shekara. A dafa wani sinadari mai ɗauke da buromin tare da potas, dangin kanwa, a cikin ruwa, potas ɗin ya ture buromin ya gaje wurinsa, a samu wata irin barasa ta goge ƙarfe. Da aka kawo mana sabon shugaban sashe, Dakta Dumbravă, sai ya ce a daina sa ruwa, a sa wani ruwan sinadari, etanol, wai ya fi narkar da kayan.

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, in aka sa etanol ba abin da za mu samu ke nan ba."

"Kai aikinka wanke kwalabe," in ji Dakta.

Aka yi yadda ya ce. Da aka zo tacewa, abin da ake nema bai cika cokali ba. A gaban ɗalibai talatin Dakta ya ɗaga kwalbar ya ce, "To, tsoho, ina sauran? Ko ya bi ta maƙogwaro?" Ɗalibai suka bushe da dariya. Kafin a tashi har ya rubuta masa takardar gargaɗi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Barasar da in ka sha sai asibiti, ita za a ce dattijo ya ɗauke?

Washegari Baba ya zo da balan-balan guda biyu. Ya ɗora tukunya biyu a wuta, ɗaya da ruwa, ɗaya da etanol, ya zuba kayan gwajin a kowacce, ya ɗaura wa bututun kowacce balan-balan, ya ce in kira Dakta. Ta ruwa ko motsin kirki ba ta yi ba. Ta etanol kuwa ta dinga kumbura.

"Ga barasarka nan, ranka ya daɗe," in ji Baba. "A cikin etanol potas ba ya gadon wurin kowa. Wani ɗan ɓangare na gefen sinadarin, haidurojin, yake fizgewa, buromin ya fice, abin da ya rage ya zama iska ya gudu. Ko iskar ma ni na sha?"

Dakta ya duba agogo ya ce yana da taro. Takardar dai an janye ta a ɓoye, amma haƙuri bai ba shi ba har yau.

Da zangon karatu ya zagayo, na leƙa aji na tarar da Dakta riƙe da balan-balan, yana gaya wa sababbin ɗalibai wata dabara ce da ya ƙirƙiro. Baba yana bayansa yana kunna masa wuta. Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya girgiza mini kai. Saura wata bakwai ya yi ritaya.