Tsakiyar Tebur

Ni na sayo allon lambar, ni na ɗaura wa injinmu na sassaƙar ƙarfe, Baba yana gefe yana tsaki wai na kawo masa talabijin shago. Aikin allon guda ɗaya ne: duk matsawar da teburin injin ya yi, ko da kaurin gashi ne, zai nuna maka da jajayen lambobi. Kafin zuwansa da layukan da ke jikin hannun juyawa muke awo, kana murzawa kana ƙirge a zuci.

Na fara gwaji daga bakin tebur. Layuka suka ce milimita goma, allo ya ce goma. Da na iso tsakiya, layuka suka ce goma, allo ya ce saura kaɗan. Har na fara zagin mai kanti a raina, na ce ya haɗa ni da jabu. Na ɗauko ma'auni na auna, na sake aunawa. Allon ne mai gaskiya. Dogon sukurun da ke jan teburin ne ya cinye a tsakiya, layukan kuma suna ta shara mana ƙarya.

Nan take Yaya ya faɗo mini a rai.

Yaya ne ya fara tsayawa a gaban injin nan kafin ni. Duk ramin da ya huda a tsakiyar tebur sai ya kauce, duk tsagin da ya yi sai ya gaza. Baba ya laƙaba masa Ɓarnau, a gaban masu kawo aiki yake kiransa haka, ya watso masa ƙarfen da ya lalace a ƙafa. Wata rana Yaya ya tuɓe rigar aiki, ya ninke ta a kan benci, ya fita. Yanzu motar kaya yake ja. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ya yarda hannunsa ne ba shi da albarka. Ko kacar keken ɗansa ce ta zame, sai ya kai wa wani ya mayar. Ni kuwa ƙananan ayyuka aka bar mini a bakin tebur, ina ta hura hanci wai na fi shi.

"Baba, zo ka gani," na ce. "Injin ne. Duk shekarun nan ba laifin Yaya ba ne. Ka kira shi ka gaya masa, wallahi zai dawo."

Baba ya taso a hankali yana goge baƙin mai a tsumma. Ya yi wa allon kallo ɗaya, ko tabarau bai sa ba.

"Sai yau ka sani? Idan ka zo tsakiya sai ka ƙara layi biyu. Tun kuna rarrafe yake haka."

Na tsaya ina kallonsa kamar ban taɓa ganinsa ba. Da a ce bai sani ba, da na yi masa uzuri har a gaban Mama.

"Ka sani? Kana tsaye a bayansa yana ɓata aiki, yana zuwa bayan shago yana share hawaye, kuma ka sani?"

"Mai sana'a da hannunsa yake gano halin injinsa. Ba a ɗura wa mutum a baki."

"Ɗanka ne fa, Baba. Magana ɗaya ce."

Ya rataye tsumman a kafaɗa, ko a jikinsa.

"Ni wa ya gaya mini?"

Na kashe injin, don na san in na ƙara minti guda a wurin zan faɗi abin da ɗa ba ya faɗa wa uba. Na fita bakin titi na kira Yaya a waya. Ya ɗauka, ƙarar mota tana tashi ta bayansa.

"Auta, lafiya? Ko wani abu ya sami Baba?"

Ɗazu ina da albishir, zan ce masa injin ne ya cuce shi. Yanzu ba injin ba ne, shi kuma yana can yana tambayar lafiyar Baba.

"Lafiyarsa ƙalau," na ce. "Yaya, samu wuri ka tsaya tukuna."