Zaren da Delmar ya naɗa wa Lorene

Tun da na auri Lorene, ni nake naɗa mata sabon zare a sandar fatsarta duk shekara idan sanyi ya wuce. Ta zura fensir a ramin dunƙulen zaren ta riƙe, ni ina naɗe shi a jikin sandar a teburin kicin. Zaren roba, siriri, marar launi. Ruwan kogin Gasconade garau yake, kifin cikinsa da ake kira bas kuma yana da ido.

Bana na ɗauko sandarta na tarar an riga ni. Wani kitsattsen zare, kore shar. Ta ce Delmar Pruitt ne ya naɗa mata, maƙwabcinmu da matarsa ta rasu bara. Wai zarensa ba ya talewa, ko shinshina ƙugiya kifi ya yi sai ta ji a hannunta. Na tambaye ta wa ya riƙe masa fensir. Ta ce in bar shirme.

Ranar Asabar muka sa kwale-kwale a ruwa. Ta yi ta ciro kifi, ni ina wankin ƙugiya kawai, ban kama komai ba. Can tata ta maƙale a dutse, muka yanke. Ta miƙo mini bakin zaren, don ita ba ta taɓa ɗaura ƙugiya da kanta ba.

"Delmar ya ce zaren nan santsi gare shi. Sai an ninka shi biyu kafin a ƙulla."

"Delmar yana cikin jirgin nan ne?"

Na yi mata ƙullin da ubana ya koya mini.

A gindin wani falalen dutse wani babban kifi ya kama ƙugiyarta. Ya yi tsalle, jikinsa ruwan tagulla, tsawonsa daga gwiwar hannuna zuwa yatsu. Ba ta taɓa samun irinsa ba. Ta kira sunana da murya kamar ta budurwa. Na miƙa komar kamun kifi zan kwaso shi, sai sandar ta miƙe. Ya tafi da ƙugiyar.

Na ce dama zaren banza ne. Ta naɗo shi, ta duba bakinsa da kyau.

"Bai tsinke ba, Orval. Zamewa ya yi."

Da yamma ta ajiye mini wake da burodin masara, ta ɗauki sandarta ta tsallaka titi zuwa gidan Delmar. Daga baranda ina hango su. Shi yana ninka zare, ita ta sa tabarau ta sunkuyo kusa da hannunsa. Har da dariya.

Ta dawo ta ce ta iya yanzu, ba sai ta ƙara wahalar da ni ba. Ta ce in ina so ta nuna mini. Na ce ƙullina bai taɓa zamewa a zaren kirki ba.

Washegari ta zauna a goshin jirgi ta juya mini baya, ta ɗaura ƙugiyarta. Ni na tuƙa jirgin.