Makara a Cikin Lifta

Da kamfani ya kawo tsarin benayen da zai gina a madadin unguwarmu ta bayan kasuwar Chorsu, hukumar birnin Tashkent ta ce ba za a taɓa ko bango ɗaya ba sai kwamitin unguwa ya duba ya gamsu. Ni ma ina cikin kwamitin. Ba don ilimi aka sa ni ba, don bakina ne da ba ya iya shiru.

Muka yi makonni muna zama a shagon shayi, ƙarƙashin rumfar inabi. Feruza mai zanen ginin, yarinya mai haƙuri, takan shimfiɗa taswirarta tsakanin gurasa da butar koren shayi. Muka tambayi ruwa, ta nuna inda za a tara na sama a shayar da itatuwa. Makaranta fa? Akwai. Na ce to ina za mu girka tukunyar shinkafar osh ta safiyar biki, ko a kan rufi za mu ciyar da mazan unguwa? Ta koma ta fitar mana da fili mai rumfa da murhu. Wallahi har na fara jin kunyar tsokanarta.

Baba Tursun kuwa shayinsa kawai yake kurɓa. Tsoho ne tukuf, maƙwabcina tun ina yaro, shi da matarsa Inna Sharofat an ba su hawa na tara. Ranar da za a ɗaga hannu don amincewa da tsarin, sai ya ajiye kofinsa ya dubi Feruza.

"'Yata, hawa dai na gane. Saukowa fa?"

"Da lifta mana, Baba."

"Ba wannan ba. Saukowar ƙarshe."

A wurinmu mutum a kwance yake barin gidansa, cikin makara, a kafaɗar maƙwabta, kuma duk wanda aka gamu da shi a hanya sai ya sa tasa kafaɗar. Baba Tursun ya ce da idonsa ya ga an sauko da abokinsa daga wani sabon bene, an naɗe shi a bargo an jingina a kusurwar lifta kamar darduma.

"Ni ba za a tsayar da ni ba. Tsayuwar da na yi a duniya ta isa."

Sanjar wakilin kamfani ya ce, "Ai akwai matakala, Baba."

"Matakalarku mai murɗe-murɗe kamar hanjin rago? Kai za ka riƙe kan, ko ƙafafun?"

Washegari muka aro makarar masallaci muka nufi wani bene da kamfanin ya riga ya gama. Wani mai tasi ya faka ya rugo zai sa kafaɗa, na ce masa, "Bawan Allah, koma aikinka, babu kowa ciki." A bakin lifta muka juya ta nan, muka juya ta can, ta ƙi shiga. Baba Tursun ya fara tuɓe takalmi wai zai kwanta a gwada da mutum.

Inna Sharofat ta ce, "Tsoho, in ka kwanta cikin abin nan, kada ka dawo min gida."

Ita ko kusa da liftar ba ta zo ba, tsoronta take ji. Feruza ta durƙusa ta auna makarar. Can ta ce, "Gawar kakata ma a kan kujera aka sauko da ita."

Sanjar ya ce faɗaɗa lifta zai ci ɗaki a kowane hawa. Nan fa raina ya ɓaci, na ce ya ci mana, mu dai ba mai ɗaga hannu. Aka kai ruwa rana kafin kamfani ya yarda. Baba Tursun kuma ya ƙara sharaɗi: a bar wurin tsayuwar mutum ɗaya a gefen makarar, don ba a barin mutum ya sauka shi kaɗai.

Da muka tare, liftar nan ta zama abin alfaharinsa. Duk baƙon da ya zo sai ya buga bangonta ya ce, "Ka ga motata ta ƙarshe." Inna Sharofat kuwa ba ta taɓa shiga ba sai ta damƙe hannun rigarsa, ta runtse ido har ƙasa.

Farkon bazarar bana ta rasu, bayan gajeriyar jinya. Mata suka gama shirya ta, muka ɗauko makarar, ta shige lifta ba ta goge ko'ina ba. A ƙasa maza sun cika fili suna jira, har da sababbin maƙwabtan da ba mu gama sanin sunayensu ba. Na yunƙura zan shiga gefen, Baba Tursun ya tare ni da sandarsa.

"Wurina ne."

Ya shiga ya tsaya. Kafin ƙofa ta rufe na ga ya ɗora hannun rigarsa a gefen makarar, ya sunkuya.

"Riƙe nan, Sharofat. Yanzu za mu isa."