Jar Motar Injiniya Ari

Motar Injiniya Ari ta girmi 'yarsa Adila nesa ba kusa ba. Ja ce, mai kujera biyu, gajera kamar za ta shafi ƙasa, irin ta tsere. Tun da idonsa ya mutu ya daina tuƙi, amma duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai Adila ta tayar masa da ita, ya zauna a gefe yana sauraren injin.

Bana Kogin Hadejia ya yi ambaliya, ruwa ya kwana tara a garejinsu. Da ya janye, Adila ta murɗa makulli, sai ta ji ƙas, daga nan shiru. Ta sa sabon batir, duk kanwar ja ce. Makanikai biyu suka duba, suka ce kik ne ya ƙone, wato abin da ke fara juya injin, kuma irinsa ko a Kano ba a samu. Ta rasa bakin gaya wa tsohon. Juma'a biyu tana ce masa mai ne babu.

A ta uku ta kira Muttaka mai gyaran wayoyin mota daga garin Malam Madori. Bai kwance komai ba. Ya ce ta kunna fitilun gaba ta murɗa makulli. Fitilu ba su ko dusashe ba, ya ce to batir ya fita daga zargi.

Sai ga tsohon a bakin ƙofa, ya dogara sanda.

"Ƙas ɗaya take yi, Malam Muttaka," in ji shi. "Tun ranar farko na ji. Ƙyale yarinyar nan kawai na yi."

Adila ta sunkuyar da kai, kunya kamar ta nutse.

Muttaka ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi. Can ya tarar da faffaɗar wayar da ke haɗa injin da jikin mota, tsatsa da laka sun cinye bakinta. Ya fito, ya ɗauko wata waya mai kauri ya haɗa batir da injin kai tsaye, ya ce ta sake gwadawa. Ta yi bisimilla ta murɗa. Motar ta yi tari sau biyu, ta feso busasshiyar laka ta salansa, ta kama.

"Alhaji, kik ɗinka lafiyarsa lau," in ji Muttaka. "Waya ce kawai."

Adila ta kifa goshi a sitiyari. Tsohon ya lalubo ƙofa ya zauna kusa da ita, ya ce zaman wuri ɗaya ne ke kashe mota. Da Muttaka ya ɗaure sabuwar waya, sai ta ja motar a hankali, ita da tsohon, zuwa kasuwa, suka sayo soyayyen kifi.