Kiran Maigida

Juwairiyya tana tankaɗen garin dawa a ƙarƙashin rumfa lokacin da fuskar wayarta ta kawo haske. A kan wani kifaffen kwano ta ajiye ta, daidai inda idonta zai riƙa kaiwa. Ta karkaɗe hannu ta leƙa, tana zaton saƙo ne. Ba saƙo ba ne. Kira ne, kuma sunan da ya fito a gilashin shi ne "Maigida".

Mijinta Namadi bai taɓa kiran ta ba. Ya fi kowa sanin cewa tun shekarar da sanƙarau ya kwantar da ita tana amarya kunnuwanta suka toshe ɗif. Ko aradu ta faɗi a tsakar gida, sai dai ta ga walƙiya. Tana magana, amma ba ta jin abin da ke fitowa daga bakinta. Saboda haka ne ya je har Sakkwato ya sayo mata wannan waya mai gilashin shafawa a sama, da madannai a ɓoye a ƙasa waɗanda ke zamowa waje in an tura gefenta da babban yatsa. Da madannan nan suke hira, da su suke faɗa, da su kuma suke shiryawa. Ko ɗazu da hantsi ya rubuto mata cewa ya gama gyaran injin ban-ruwan da aka kira shi a Dangoma, me zai sayo mata a Kalgo? Ta rubuta masa, "Kifi, amma kada a cuce ka irin na rannan."

Ta shafa gilashin, bai amsa ba saboda garin da ke yatsanta. Ta goge a zane ta sake shafawa. Kiran ya shiga. Ta zura wa lambobin da ke ƙirga lokaci ido. Wani yana magana a can, ita kuwa tana riƙe da muryarsa a tafin hannu kamar dutse.

"Malam?" ta ce. "Malam, rubuto mini."

Kiran ya katse. Ta tura madannan waje, ta rubuta, "Wane ne? Ba na ji. Don Allah a rubuto." Ba amsa. Can sai hasken ya dawo, sunan nan dai.

Maƙwabta duk sun tafi bikin suna a ƙauyen Ceberu tun safe. Kunne ɗaya ne ya rage a gidan, na Inna Tasalla, mahaifiyar Namadi, wadda hawan jini ya taɓa kayar da ita, har likita ya ja musu kunne kada a riƙa kai mata labari mai tayar da hankali. Juwairiyya ta tsaya a ƙofar ɗakin tsohuwar, wayar tana haske a hannunta. Sannan ta ɗaga labule.

"Inna, saurara mini. Wayar Malam ce."

Tsohuwar ta ajiye carbi ta karɓa, ta manna a kunne da ƙarfi, kuncinta ya danne gilashin, kiran ya mutu. Juwairiyya ta ji kamar ta kurma ihu. Ta karɓe, ta kira da kanta, ta kunna lasifika, ta durƙusa ta riƙe wayar kusa da bakin Inna. Daga nan ba ta da abin karantawa sai fuskar tsohuwar.

Ta ga girarta ta haɗe. Ta ga hannunta ya tafi ƙirji ya tsaya. Ta ga leɓunanta sun yi abin da ba ya ɓoyuwa ga kowa, salati.

Inna ta juyo ta fuskance ta sosai, ta riƙa buɗe baki a hankali yadda suka saba. Babur. Mota. Kalgo. Asibiti.

"Yana da rai?"

Leɓunan tsohuwar suna rawa, Juwairiyya ta kasa bambance ko "da rai" suka ce ko "ba rai". Ta kama kafaɗunta, abin da ba ta taɓa yi ba. Inna ta buɗe tafukan hannu biyu, sannan ta yi nuni da ƙofa. Mutumin da ya kira bai faɗa ba. Cewa kawai ya yi su zo. Kuma su biyun sun san ba a cika faɗin mutuwa ta waya ba. "Ku zo" ake cewa.

Ta so Inna ta zauna a gida. Tsohuwar ko kallon ta ba ta yi ba, ta jawo mayafi.

A tashar Gwandu suka sami bas mai zuwa Birnin Kebbi, daga can su sake wata. Motar tana tashi Inna ta fara ba fasinjoji labari. Juwairiyya ta ga kawuna suna juyowa ɗaya bayan ɗaya, ana girgiza su, ana kallon ta ana kawar da ido. Me Inna take gaya musu? Ko dai ta ji abin da ta ɓoye mata? Ta sunkuyar da kai ta rubuta wa Namadi, "Muna hanya." Ta sake rubutawa, "Ka amsa mini ko da harafi ɗaya ne." Gonakin albasa suna wucewa ta taga, ba ta ganin su.

Matar da ke gefenta, wata doguwa mai tabarau, ta taɓa mata gwiwa ta miƙo hannu. Juwairiyya ta ba ta wayar. Matar ta juya ta tana neman inda za ta rubuta, Juwairiyya ta tura mata madannan.

"Sunana Kubura, malamar makaranta ce ni," ta rubuta. "In kira miki mutumin?"

Juwairiyya ta gyaɗa kai da sauri.

Kubura ta kira, ta toshe ɗaya kunnen da yatsa, ta daɗe tana saurare. Da ta sauke wayar sai ta saci kallon Inna, wadda ke kujerar gaba da su. Ba ta furta komai ba. Ta duƙufa a kan madannan, ta goge, ta sake rubutawa, sannan ta miƙo.

"Sunansa Haliru, manomi ne, bai iya karatu ba, shi ya sa bai amsa saƙonki ba. Ya ce babura biyu motar ta kwashe. Mutum ɗaya ya rasu, ɗaya yana ciki ana duba shi. Bai san sunan kowa ba. Wayar a bakin titi ya tsince ta, bai san ta wanne ce a cikinsu ba. Ban faɗa da baki ba saboda tsohuwar."

Juwairiyya ta karanta har ƙarshe, ta koma farko. Da ta ɗago, Inna ta juyo gaba ɗaya ta kafe ta da ido, bakinta yana tambaya: me ta ce?

"Ta ce ana duba shi, Inna."

Ba ta san yadda muryarta ta fita ba, ko ta yi rawa, ko ta yi ƙarfi fiye da kima. Inna ta daɗe tana kallon ta, sannan ta juya ta ci gaba da jan carbi. Juwairiyya ta rufe madannan, ta cusa wayar cikin hijabi, ta riƙe ta da hannu biyu har Birnin Kebbi, har suka sake mota, har Kalgo.

La'asar ta yi lokacin da suka isa asibitin. Tun daga ƙofa ta hango taron maza a baranda, sun zagaye wani gadon da ake tura marasa lafiya a kai. An rufe wanda ke kai da zanen atamfa, zanen bai kai ba, ƙafafunsa suna waje, duk baƙin mai da ƙura. Ƙafafun mai aikin injin. Ta sa Inna ta zauna a benci, ta juya mata baya ga barandar, ta ce ta jira ta nemo nas. Sannan ta nufi gadon ita kaɗai.

Mazan suka dare mata. Wani dattijo yana yi mata magana, yana ɗaga hannu, ba ta tsaya ba. Ta kama bakin zanen. Hannunta ya ƙi ɗagawa. Tana nan tsaye sai aka bangaje ta daga baya. Wata mace ce da goyo, ba takalmi a ƙafarta, ta fizge zanen ta duba, ta zube a wurin. Bakinta a wangame, jijiyoyin wuyanta sun miƙe. Juwairiyya ta ga fuskar mamacin. Saurayi ne, ko gemu bai tara ba. Ba ta taɓa ganin sa ba.

Abin da ya cika mata ƙirji a lokacin ya ba ta kunya. Ta duƙa ta gyara wa matar goyon da ke shirin zamewa, ta ja da baya.

Wani gajeren mutum mai laka a wando ya tare ta, ya nuna mata wayar Namadi mai fasasshen gilashi, ya nuna kansa. Haliru ne. Shi ya kai su ɗakin da aka kwantar da ɗayan, yana riƙe da hannun Inna a matakala.

Namadi yana gadon ƙarshe. Hannuwansa biyu a naɗe cikin bandeji har gwiwar hannu, ko yatsa ɗaya ba ya waje. An ɗinke masa leɓen sama, fuskar ta kumbura har ta so ta kasa gane shi. Amma idanunsa a buɗe suke, kuma suna ganin ta suka tsaya a kanta.

Bakinsa ya motsa. Inna ta sunkuya ta saurara, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Juwairiyya ta matso ta zura wa leɓunansa ido, ta kasa tsintar ko kalma ɗaya a cikin kumburin. Hannunta ya tafi ga wayar, ta tura madannan waje, ta miƙa masa. Ya dubi wayar, ya dubi hannuwansa. Ta mayar da ita cikin hijabi.

Ta jawo kujera ta zauna, ta ɗora tafin hannunta a ƙirjinsa a hankali, inda babu bandeji. Ya sake yin magana, doguwa wannan karon. Ta ji maganar tana motsi a ƙarƙashin hannunta, tana tashi tana sauka.

"To, Malam," ta ce. "Ci gaba."