Ɗaurin Shanu a Porz Halen

Shekara goma sha ɗaya Fernand Marchadier yana aikin jandarma a Porz Halen, wani garin masunta a bakin teku, amma har yau ɗan tudu ake ce masa, don a garin makiyaya aka haife shi, nesa da teku. Babban binciken da ya taɓa yi shi ne na keken limamin coci, wanda daga baya aka tarar da shi a bayan cocin. Abin yana cin sa a rai. Burinsa ɗaya ne, ya warware wani babban al'amari, ko mutanen nan sa daina kallonsa kamar baƙon da ya ɓata hanya.

Ranar Talata da safe Allah ya amsa. Aka wayi gari jirgin kamun kifin tsoho Jakez ya tsinke daga gaɓa, ruwa ya maka shi da duwatsu ya yi kaca-kaca. Igiyar na nan lafiya lau, ba a yanke ta ba, kwance ta aka yi. Marchadier ya jajanta wa tsohon da fuskar tausayi, amma a zuci har rawa yake yi.

"Baba Jakez, wa kake zargi?"

Jakez ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ni dai ban ce kowa ba."

Ai kuwa wannan ya ishi gwanin. Kowa ya san shekara talatin ke nan Jakez ba ya ga maciji da wani masunci, Loeiz, kan wani gurbin ɗana tarkon ƙaguwa. In kuwa laifin ya tabbata a kan Loeiz, kwamitin masunta zai ƙwace zoben ƙarfen da yake ɗaure jirginsa, wanda ya gada wurin ubansa. Masunci babu wurin ɗaure jirgi, ai ya tashi daga aiki.

Kwana uku Marchadier yana sintiri cikin yayyafi, ya ɗaga wuyan kwat, igiyar na cikin jaka. Ya auna sawun takalma. Ya tsaya a bakin gaɓa ya zuba wa hazon teku ido kamar mai zurfin tunani, alhali sanyi ne ke gasa masa aya a hannu. Duk wanda ya tambaya sai ya ce bai ga komai ba, ya kau da kai. Shi kuwa ya rubuta a littafinsa cewa tsoron Loeiz ake ji.

Ranar Juma'a da rana ya shiga shagon kofin Madam Soazig, wanda tagarsa ke kallon gaɓa, rahoto a aljihu. Masunta sun cika wurin, Jakez da Loeiz kowa a nasa lungun. Ya ajiye igiyar a kan tebur, ya gyara murya.

Kafin ya buɗe baki Soazig ta ce, "Yallaɓai, don Allah ɗaure min ita a ƙafar kujerar nan tukuna. Ina son in ga wani abu."

Ya ɗaure cikin ƙwarewa, irin ɗaurin da ubansa ya koya masa yana yaro. Soazig ta kama jelar igiyar da yatsu biyu ta ja kaɗan. Ɗaurin ya warware sumul.

"Wannan ɗaurin me ne?" in ji ta.

"Na shanu," in ji shi. "Don a yi saurin kwance..."

Nan maganar ta maƙale. Sai ga ranar Litinin da la'asar ta dawo masa tar. Jakez ya iso gaɓa yana dafe da ƙugu saboda ciwon baya, ya wurgo masa igiya ya ce, "Kama min." Karo na farko ke nan a shekara goma sha ɗaya da wani ya miƙa masa igiyar jirgi. Ya ɗaura ta da alfahari, ya bar jelar tana reto, ya tafi gida yana fito. Da ruwa ya ciko, igiyar ruwa ta yi abin da Soazig ta yi da yatsu biyu.

Kunya ta rufe shi, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Wato duk kun sani?"

"Kai, yallaɓai, mu bakwai ne a tagar nan," in ji Soazig. "Har muka yi musu ko ɗaurin zai kai magariba."

Jakez ya ce, "Ni kuma da wane bakin zan faɗa cewa na ba ɗan tudu igiya ban duba ba? Da tsufana?"

Marchadier ya juya ga Loeiz, mutumin da saura ƙiris ya raba da zoben ubansa. "Kai fa? Ka san kai nake farauta. Me ya hana ka magana?"

Loeiz ya kurɓi kofinsa, ya goge gashin baki. "Mun zauna mun duba, ranka ya daɗe. In maganar ta kai sama ɗauke ka za a yi. In aka ɗauke ka kuwa, mai ido za a kawo mana, ya zo yana auna mana ƙaguwa ɗaya bayan ɗaya, yana neman ƙananan da doka ta hana kamawa. Mun saba da kai."

Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Ya zaro rahoton, ya ari alƙalamin Soazig, don nasa ya jiƙe. Ya soke sunan Loeiz, ya rubuta nasa a wurin, da manyan baƙaƙe.

Loeiz ya leƙo ya karanta, ya yi tsaki.

"Ka ga irinta ko? Yau ɗaya da ka gano mai laifi, ka ja mana asara."