Matacciyar Fitilar Layin Alamo

Noemi Archuleta ta fito daga shagon wanke hoto a guje, rungume da kwali mai faɗin faranti, har ta kusa bangaje wata tsohuwa. Ta ba ta haƙuri tana dariya, ta zaro hoton ta nuna mata, alhali matar ko tambaya ba ta yi ba.

Kaza da 'Ya'yanta ce. Ba 'yan ɗigo shidan da ido ke gani ba, taurari ne ɗaruruwa, lulluɓe da shuɗin hayaƙi kamar an kaɗa bula a ruwa. Dare goma sha tara ta yi tana ɗaura kyamara a madubin hangen nesa a bayan gidanta, bayan ta taso daga aiki a kantin magani. Yau da asuba kwamfuta ta gama haɗa hotuna ɗari bakwai, ta tara haskensu wuri guda. Tun daga lokacin bakin Noemi bai rufu ba.

Da ƙarfe huɗu majalisar gari za ta zauna kan sababbin fitilun titi, farare fat, marasa murfi, masu haska sama kamar yadda suke haska ƙasa. In aka kafa su, wannan hoton shi ne na ƙarshe irinsa a garin.

Ta tarar da Wendell, shugaban ƙungiyarsu ta masu kallon taurari, a gidan abinci yana cin burito, wato naɗaɗɗen gurasa mai nama da koren barkono. Sai da ya goge hannu sau biyu kafin ya taɓa hoton. Ya daɗe yana kallo, sannan ya faɗi abin da ya shekara talatin yana faɗi: majalisa ba ta jin kira, gara a ƙara nausawa cikin hamada. Haka tsofaffin ƙungiyar suke. Haske ya kore su mil goma, ya sake korarsu mil arba'in, kullum sai su loda kaya a mota suna yabon haƙurin kansu.

"Kawu, saura ƙiris ku tsallaka iyaka ku faɗa jihar Arizona," in ji ta. "Tashi mu je. Ko tari ne ka yi mini daga baya."

Ya bi ta da ragowar buriton a takarda.

A zauren majalisar babu wanda bai san ta ba. Ita ce mai takardar ƙorafi kan ramin titi, kan famfon makaranta, kan kwalbatin da ya toshe. Eloy Tafoya, shugaban sashen ayyuka, yana hango ta ya jawo hula ya rufe fuska. Sau goma sha ɗaya tana kiran sashensa gidan barci a bainar jama'a.

Minti uku aka ba ta. Murna ta sa jawabin da ta haddace ya gudu, sai kawai ta ɗaga hoton. Ta ce wannan samansu ne, nasu na kansu, kuma ba duhu take roƙo ba, murfi take roƙo a kan fitila, haske ya sauka inda ƙafa take. Hoton ya shiga zagayawa hannu zuwa hannu. Magajiyar gari, Misis Lucero, ta sa tabarau, ta cire, ta sake sawa, ta tambaya ko daga intanet aka ɗauko shi. Wendell ya yi tarin da Noemi ta roƙa, har ya zarce ya miƙe ya ce shi shaida ne.

"To, 'yar nan, a ina kika tsaya?" in ji magajiya.

"A bayan gidana, ranki ya daɗe. Layin Alamo."

Tafoya ya ɗaga hularsa a hankali. "Layin Alamo akwai fitila daidai ƙofarki. Da hannuna na kafa ta."

Tun watan Agusta fitilar ta mutu, kuma duk safiya sai Noemi ta shafa sandar kamar mai gaida maƙwabciya. Tana iya cewa labule ta rataya ta tare hasken. Amma zauren gaba ɗaya ita yake kallo.

"Ta mutu," ta ce. "Wata huɗu ke nan."

"Kuma ba ki rubuto ba? Ke?"

Zaure ya kwashe da dariya, Wendell har da ƙwarewa. Tafoya ya zaro littafinsa, ya lashi bakin fensir, ya rubuta a tsanake. Noemi na kallo ana rubuta duhunta a jerin gyara.

"Ku yi dariyarku," ta ce, ita ma tana yi. "Fitila ɗaya ce ta mutu, ga abin da ya fito. Fitila ɗaya tak ce tsakaninku da wannan."

Magajiya ta sake duban hoton. Ta ce kakarta takan nuna mata waɗannan taurarin daga baranda, kuma ta manta rabon da ta ɗaga kai. Aka ƙirga hannu, uku da biyu: a dakatar da fitilun, a gwada masu murfi a layi biyu tukuna. Noemi ta rungume Wendell har buriton ya matse.

A waje ta iske Tafoya jingine da motar aiki. Ta tambaye shi yaushe za su zo layinta. Ya buɗe littafin, ya bi da yatsa har ƙasa, ya ce ita ce ta ɗari biyu da goma sha biyu. Sannan ya tambaye ta har zuwa yaushe Kazar take a sama.

"Zuwa Maris."

"Kin dai san mu da barci, ke kika faɗa." Ya rufe littafin. "Ban ga alamar za mu iso kafin Afrilu ba. Ko za ki rubuto ƙorafi?"

Noemi ta ce ya gaida gida, kuma don Allah kada ya wahalar da kansa.